Neman Mai Farar Gira: Kundin Aikina a Fadamar Nguru

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na dawo daga bakin tafki da hoto 212, kuma babu ko ɗaya da zan nuna wa mutum ban ji kunya ba. Shekara takwas ina ɗaukar hoton biki da suna da walimar sauka a garin nan, har na fara ganin babu sauran abin da za a koya min a harkar kyamara. Cikin awa biyu agwagwa ta sauke min wannan girman kan.

Da Nikon D7200 ɗina ta aiki na je, da gilashin da ya zo tare da ita, 18-140mm, wato abin da mu masu hoto muke kira lens. Amarya in ka ce ta tsaya za ta tsaya, in ka ce ta juyo za ta juyo, har ta tambaye ka ko ta yi kyau. Kirinjijiya kuwa tun kana da tazarar mita sittin take miƙe wuya, ɗaya ta yi fito, sauran su amsa, sai ka ga garken ya tashi gaba ɗaya. Na zauna da daddare na yi lissafi don in san ko laifina ne ko na kayan aiki. Tsuntsu mai tsawon santimita 40, a nisan mita 60, da gilashin 140mm, hotonsa a kan sensa, wato ɗan faifan da ke kama hoto a cikin kyamara, bai cika milimita ɗaya ba, alhali faɗin sensar milimita 23.5 ne. Ashe ƙuda na yini ina ɗauka.

Ga abin da na sa a gaba, na rubuta shi nan don kada in zille daga baya. Kafin baƙin agwagin da ke zuwa mana cirani daga Turai da Rasha su koma gida a watan Maris, ina son hoto ɗaya tak na namijin wadda littafin tsuntsaye ke kira gargani, ni kuma nake kira mai farar gira. Ina son sa a kan ruwa, idona daidai da idonsa, girar nan ta fito fes. Sauran agwagi duk wanda ya samu riba ce.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kwana goma ke nan ina juya maganar kayan aiki, har uwargida ta ce ko lokacin neman aurenta ban yi wannan dogon nazari ba.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ta farko ita ce in sayi irin kyamarar nan mai gilashi a manne, kamar Nikon P950, wadda ke janyo abu sau 83, kwatankwacin 2000mm. Ba ta da nauyi, ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma in burin mutum ya gane wane tsuntsu ne a can tsallake, babu kamarta. Amma sensarta kusan girman ta waya ce. Ni kuwa aikina da sanyin safiya ne, lokacin da haske bai ƙarasa fitowa ba, kuma a irin wannan hasken ƙaramar sensa hatsi-hatsi take cika hoto da shi, gashin tsuntsu ya koma kamar an shafa shi da yatsa. Na ajiye ta.

Ta biyu ita ce in sayar da komai in koma sabon samfurin kyamara marar madubi a ciki, Canon R7 da gilashin RF 100-400mm. Ita R7 da kanta take gane tsuntsu ta kama idonsa, tana ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa, shi kuma gilashin giram 635 ne kacal. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Sai dai dala ta haura naira 1,500, kuma in na canza gida daga Nikon zuwa Canon sai na sake sayen gilashin biki da fitila da batura. Da kuɗin bikin mutane nake ciyar da gida, ba da hoton agwagwa ba. Ban da haka, a ƙarshen janyowarsa ƙofar hasken gilashin f/8 ce, ƙarama ce ga mai fita da asuba.

Ta uku ita ce in riƙe D7200 in zuba duk abin da na tara a kan dogon gilashi na hannu. A nan zaɓin tsakanin Nikon 200-500mm f/5.6 ne da Sigma ko Tamron 150-600mm. Su biyun sun fi shi janyowa da 100mm kuma sun ɗan fi shi sauƙin ɗauka, amma ƙofarsu na tsukewa zuwa f/6.3 in ka janyo har ƙarshe, shi kuwa f/5.6 yake tsayawa daga farko har ƙarshe. Da yake sensar D7200 ba ta kai girman ta babbar kyamara ba, 500mm a kanta yana ba da abin da 750mm zai bayar a kan babbar kyamara. Nan zuciyata ta kwanta. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa sai ya ga bayan kyamara uku.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jiya na dawo daga Kano. Shago na farko da aka yi min kwatance, mai shagon ya fito min da gilashin a goge yana sheƙi, ya ce wata Baturiya ce ta yi amfani da shi sau biyu ta ajiye. Duk kayan hannu da ke ƙasar nan wata Baturiya ce ta yi amfani da su sau biyu. Na ce ya ba ni minti biyar. Na cire murfin gaba da na baya, na kunna fitilar waya na haska ta ƙasa ina leƙawa ta sama. Can cikin gilashi na biyu ko na uku sai ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya bazu daga gefe. Fumfuna ce, irin wadda ke kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Na nuna masa. Ya ce, "Haba Malam, ai wannan ba ta fitowa a hoto." Na ce, "Alhaji, yau ba ta fitowa, amma ai rai gare ta, girma take yi." Ya rage min kuɗi har sau biyu, na yi masa godiya na fita.

A wuri na uku na samu. Jikinsa ya ɗan kankare wajen abin ɗaurawa, amma cikinsa garau. Na ɗaura shi a kyamarata, na tsaya a bakin titi na yi ta bin masu babur da shirwa da ke shawagi, na gwada saiti daga kusa zuwa nesa, na saurari na'urar rage girgiza tana aiki. Na ɗauki allon wani shago daga nesa don in ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya kaifi. Lafiya lau. Na biya, na rungumo shi a cinya tun daga tasha har gida kamar jariri, mai mota na cewa in sa a but ina cewa a'a.

Nauyinsa kilo 2.3. In aka haɗa da kyamara ya haura kilo uku.

Asabar, 7 ga Disamba

Na fita da sabon kaya cike da zumuɗi, na dawo jiki a sanyaye. Hotunan sun fi na da girma, amma kusan duka a dushe suke, kamar ta cikin ruwan sanyi na leda na ɗauke su. Na kwana ina zargin mai shago.

Litinin, 9 ga Disamba

Na ɗauki alhakin bawan Allah, gilashin ba shi da laifi. Na kafa shi a tsakar gida da safe na ɗauki kwalin ashana daga mita goma, har ƙananan rubutun jikinsa ana karantawa. Sai na koma na duba lokacin da na ɗauki hotunan ranar Asabar: daga ƙarfe sha ɗaya zuwa ɗaya na rana, tsuntsayen kuma suna nisan mita tamanin zuwa ɗari. Kawalwalniya ce. Iskar da ke kan ruwa da tabo in rana ta taɓa ta rawa take yi, dogon gilashi kuma duk wannan rawar yake janyowa tare da tsuntsun. Ko gilashin miliyan ashirin ka ɗauko, iskar da ke tsakaninka da agwagwa ba taka ba ce.

Na sake yin lissafin nan na ranar farko. Da 500mm a nisan mita 60, tsuntsun milimita uku da ɗan wani abu ne a sensa. A mita 30 ya kusa bakwai. Wanda ke riƙe da 300mm kuwa, in ya iya matsawa zuwa mita 15, zai sami milimita takwas, ya fi ni, da gilashin da bai kai rabin kuɗin nawa ba. Wannan lissafin da na yi shi kafin tafiya Kano da wataƙila ban kashe abin da na kashe ba. To, an riga an saya.

Asabar, 21 ga Disamba

Na sami wanda zai riƙa shiga da ni ruwa. Wani dattijo ne masunci, ya haura sittin, yana da kwalekwale da gura da dama a bakin hanyar ruwan Marma. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, wato ba ci za ka yi ba?" Na ce a'a Baba, hoto kawai. Ya ce, "To, Allah ɗaya gari bamban." Duk baƙin agwagin nan shi 'yan cirani yake kiran su, kuma ya san inda kowane garke ke yini fiye da yadda na san layin unguwarmu.

Abin da na fara koya a cikin jirgi shi ne abin ɗora kyamara mai ƙafa uku da na ɗauko ba shi da wani amfani, domin duk motsin da jirgi ya yi shi ma sai ya yi. Na kwanta rub da ciki a gaban jirgin, na ɗora gilashin a kan ɗankwalin uwargida da na ɗura wa gero mudu biyu na ɗaure. Wannan ƙunshin geron ya fi duk wani abin ɗorawa da na gani a shago. Baba ya ajiye filafili, yana tura mu da gora a hankali, ba ya nufar tsuntsayen kai tsaye, sai ya yi kamar zai wuce su ta gefe, kamar yadda yake yi kullum in zai duba gurarsa. Sun saba da shi. Ni ne baƙo, shi ya sa ya ce in rufe kaina da tsohon bargonsa mai warin kifi, in kuma daina ɗago kai.

Mun kai mita ashirin da biyar da garken kirinjijiya. Wannan ne karo na farko da na gan ta sosai: fuska fara kamar an shafa mata alli, ƙeya baƙa, ƙirji ja kamar goro, haƙarƙari da zane-zane sirara, ga dogayen ƙafafu da tsayuwa a miƙe kamar soja. Mace da namiji kamarsu ɗaya. Biyu daga cikinsu suna ta gyara wa juna gashin wuya, na samu wannan, kuma ya fito. Sai dai farin fuskar ya ƙone a rabin hotunan, babu komai a ciki sai fari fat. Kyamara tana auna duhun ciyawar da ke bayansu ne ta ƙara haske. Na rage hasken da kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, sai gashin fuskar ya dawo.

Kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, ta cinye wurare da yawa. Baba ya nuna min wata hanya da ya ce a da jirgi biyu na gittawa a cikinta, yanzu ko mutum ɗaya sai da adda. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina yin yadda ya saba, wato ya cika da damina ya janye da rani. Yanzu wasu hanyoyin ba sa bushewa ko kaɗan, ita kuma kachala abin da take so ke nan. Manomi na kuka da ita, masunci na kuka da ita, ga jan-baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a gonar shinkafa. Ni ma yanzu na shiga sahun masu kuka, don sau uku saitin kyamarata yana barin agwagwa ya kama ganyenta.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Hazo ya sauka, ko tsallaken tafki ba a gani. Ban fita ba. Na ga ɗige-ɗige shida a sararin samaniyar hotunan makon jiya, ƙura ce ta hau sensa. Na hure ta da famfon roba, biyar suka tafi, ɗaya ta ƙi. Doka daga yau: ba na cire gilashi a waje, ko da me zai wuce. Shi ma gilashin da yake miƙewa yake yi in ana janyowa, iska yake zuƙa, don haka na ɗinka masa riga da hannun tsohuwar rigar sanyi.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau na gano abin da ya kamata a ce na gane tun tuni, kuma Baba ne ya faɗe shi a cikin hira ba tare da ya ɗauke shi wani abu ba. Na yi ƙorafin cewa duk hoton tashi da na samu ƙeya da wutsiya ne. Ya ce, "Ai agwagwa ba ta ba iska baya, Malam. In za ta tashi iska take fuskanta, in za ta sauka ma haka."

Na yi shiru ina auna maganar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Rana kuma daga gabas take fitowa, ta ɗan karkata kudu a wannan watan. Ke nan in na zauna a gefen gabas na ruwan da safe, rana tana bayana, iska ma kusan tana bayana, duk agwagwar da za ta tashi ko ta sauka ni za ta fuskanto, haske na dukan ƙirjinta. Wata biyu ina zama a gefen yamma don kawai ya fi kusa da inda nake ajiye babur.

Muka zagaya. Baba ya sare kachala muka kafa 'yar bukka a kan wani tudun tabo, muka bar ƙofa daidai bakin gilashi, ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ruwa. Ya ce in bar ta kwana uku kada in zo, su saba da ita. A hanyar dawowa ya ba ni labarin yadda mutanen da ke kama agwagwa da hannu: a saki ƙorai su yi ta yawo a kan ruwa har tsuntsaye su daina tsoronsu, sannan mutum ya kifa ɗaya a kansa ya shiga ruwa har wuya, ya je ya jawo ƙafar agwagwa ta ƙasa. Dabarar maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ce, aka kai ta ruwa.

Laraba, 15 ga Janairu

Na shiga bukka bayan sallar asuba, da sauran duhu. Sanyi kamar zai tsinke yatsu, sauro kuma bai san da hunturu ba. Ƙarfe bakwai saura kirinjijiya suka fara dawowa daga kiwon dare, garke-garke, suna fito. Da rana ta ɗago sai ga dinya guda huɗu sun sauka kamar jiragen kaya. A duk tsuntsayen ruwan Afirka masu dangin agwagwa babu wadda ta kai ta girma, kuma a mita ashirin sai da na rage janyowa zuwa 300mm kafin ta shiga hoto. Na ga ƙayar da ke gwiwar fiffikenta da idona lokacin da ɗaya ta kai wa 'yar'uwarta duka.

Saitin da ya yi min aiki, don kada in manta: in suna zaune, saurin ƙiftawar kyamara 1/640 na daƙiƙa ya isa. In ana tashi, 1/2000 ko sama. Ƙofa a buɗe f/5.6 har rana ta yi ƙarfi, sannan f/7.1. ISO, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, na bar wa kyamara ta zaɓa amma na yi mata iyaka a 3200. Na kuma lura da alamu biyu. In agwagwa ta gama wanka tana tsoma kai tana watsa ruwa a baya, to ka shirya, za ta miƙe ta kaɗa fiffike. In kuma ka ga sun miƙe wuya suna kaɗa kai, tashi ya zo.

Matsalar D7200 ta fito fili yau. Hoto shida take yi a daƙiƙa, kuma in na danne bayan daƙiƙa uku zuwa huɗu sai ma'ajiyarta ta cika ta fara numfashi, daidai lokacin da tsuntsun ya zo inda nake so. Dole na koyi danna kaɗan-kaɗan.

Gargani sun zo, kusan talatin, amma can tsakiya suka tsaya. Mazan sun fara sauya riga, girar ta fara fitowa a wasunsu, wasu kuma har yanzu ba ka raba su da mata.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na je Dagona, ta hanyar Gashuwa. Wurin yana ƙarƙashin gandun ƙasa na Tafkin Chadi, kuma yana cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamu a duniya, ta amince da su tun 2008, kamar Baturiya ta Jigawa. Namu na tafkin Nguru da Marma ya riga su, tun shekarar 2000. Na bi ta wurin ma'aikata, aka haɗa ni da mai rakiya.

Watan Janairu ne ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, na kuwa ci karo da wasu matasa biyu masu wannan aikin, da madubin hangen nesa da takardunsu. Ɗayansu R7 ce a wuyansa. Da ya ga ina satar kallonta sai ya miƙo min ya ce, "Yaya, gwada mana." Na ɗaga ta kan wata agwagwa mai tsinin wutsiya da ke iyo, sai ga ɗan akwati ya faɗa kan idonta ya manne, tana tafiya yana bin ta. Abin da nake fama da shi da babban yatsa wata biyu, ita ta yi shi kafin in ƙifta. Ga rashin nauyi, kamar ba ka riƙe komai ba. Na mayar masa da sauri kafin shaiɗan ya yi min huɗuba.

Da muka zauna cin ƙosai muka gwada hotuna, sai na ga nasa duka daga tsaye ya ɗauke su, daga bakin gaɓa, ana kallon bayan tsuntsu daga sama, ruwa ya cika ko'ina. Shi ba kyau yake nema ba, shaida yake nema, kuma ya samu. Ya daɗe yana kallon kirinjijiyoyina masu gyaran wuya, ya tambaye ni da wace kyamara. Na nuna masa tsohuwata mai kusan shekara goma da fitowa.

Shi ne ya nuna min 'yar ƙaramar agwagwar bado, wadda da ni kaɗai ne da na wuce ta. Tsawonta bai fi santimita 30 ba, namijin da ɗan baki rawaya da kore a kunne, tana cikin ganyen bado tana cin 'ya'yansa. Ya ce a kogon bishiya take ƙwai. Hoto uku na samu kafin ta nutse.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na yi wauta. Ruwa ya janye daga gaban bukkata da kusan mita goma sha biyar, gargani kuma suka bi ruwan. Sai na ce bari in gwada dabarar ƙwarya da kaina. Na samo babban gora irin wanda masuntan Bade ke kwanciya a kai su yi iyo, na ɗaura katako a kansa, na ɗora kyamara, na rufa da ciyawa, na shiga ruwa har ƙirji ina turawa. Baba yana gaɓa yana cewa, "Malam, wannan abin naka kansa ya fi gindinsa nauyi." Ban kai mita goma ba ƙafata ta zurma cikin rami, goran ya juya. Allah ya taimake ni igiyar na wuyana, na cafe gilashin da hannu biyu na ɗaga sama, ni kuma na sha ruwa. Murfin gaba ya tafi, gindin kyamara ya jiƙe. Na cire batir nan take, na goge, na shanya ta a inuwa kwana biyu kafin in kunna. Ta tashi.

Matsattsaku biyu na cire a ƙwauri. Wani abokina ma'aikacin lafiya da na ba shi labari bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce irin wannan ruwan mai kwanciya da ciyawa da katantanwa shi ne gidan tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Ya ce in zo a duba ni bayan wasu makonni ko da ban ga jini ba. Na bar wa masu gora gorarsu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun matsar da bukka gaba ranar Talata, zuwa wani ɗan tsibirin tabo inda Baba ya ce yana ganin gashinsu da kashinsu kowace safiya. Yau na shiga da duhu, na shimfiɗa buhu, na kwanta, ƙunshin gero a gabana.

Har ƙarfe bakwai da rabi babu komai sai zakaran ƙeƙuwa da ya gan ni ya yi ta tona min asiri. Na fara tunanin tashi. Sai na ji wata ƙara a hagu, kamar ana jan tsinke a kan haƙoran matsefi. Kukan namijin ke nan. Suka fito daga bayan ciyawa su bakwai, maza uku, suna tsoma baki a ruwa suna tacewa, suna matsowa. Ban motsa gilashin ba, na bar su su shigo da kansu. Na farkon ya wuce da kai a ƙasa. Na biyun ya tsaya a wajen mita goma sha huɗu, ya ɗago.

Girar ta taso daga gaban ido ta lanƙwasa har ƙeya, fara tas a kan kai mai launin ƙasa-ƙasa da ja. Ƙirjin da ɗige-ɗige, haƙarƙari toka-toka, ga wasu dogayen gashi masu baƙi da fari sun zubo daga kafaɗa. Abin da bai kai rabin kilo ba, ya ƙetaro teku da Sahara ya zo yana cin 'ya'yan ciyawa a bayan garinmu. Na danna sau huɗu. A na biyar ƙarar madubin kyamara ta sa ya juya, suka yi sama tsaye kamar an harba su, shuɗi-shuɗin kafaɗar fiffikensu na walƙiya.

Hoto na biyu da na uku sun fito. Ido garau da ɗigon rana a ciki, ruwa ya narke gaba da baya. Sai dai wani siririn ganyen kachala ya gitta ta kan wutsiyarsa. Uwargida ta ce ita ba ta ma gan shi ba sai da na nuna mata. Ni kuwa in na buɗe hoton shi nake fara gani. Na san zan iya goge shi a kwamfuta cikin minti biyu, na buɗe manhajar har sau biyu ina rufewa.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi ya fara, kwanciya a tabo da ƙishirwa ba wasa ba ne. Sau biyu kawai na fita, bayan sahur. Ranar Asabar na ƙirga gargani tara, yau biyu, duka mata. Masu tsinin wutsiya tuni babu su. Kirinjijiya da dinya suna nan, su 'yan gida ne.

Na wanke hoton nan babba, da ganyensa, na kai wa Baba guda. Ya riƙe shi nesa da fuska ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wannan ai ɗan ciranin nan ne. Ashe haka idonsa yake." Ya naɗe shi zai sa a aljihu, da ƙyar na hana shi, na ce zan kawo masa a cikin firam.

An yi min tayin kyamara Nikon D500 ta hannu, mai hoto goma a daƙiƙa wadda ba ta saurin cika, batirinta ma irin na tawa ne. Na ce a bari sai bayan bukukuwan ƙaramar salla in ga abin da ya shigo. Kafin nan akwai murfin gilashi da zan saya, akwai gwajin tsargiya ranar Alhamis, ga ɗigon ƙurar nan na shida har yanzu yana kusurwar hagu ta sama. Baba ya ce in damina ta sauka zai kai ni inda agwagwa mai tozo a baki ke taruwa, lokacin da tozon mazan ke kumbura. Ya ce in zo da takalmin roba mai tsawo, kuma in mayar wa matata ɗankwalinta.